Kayan Sawa da Takalmin Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Waje Lokacin Zafi: Yadda Ake Shiri Daga Zariya

Da zarar Mayu ta kama, masu shirin fita waje a watannin Yuni, Yuli da Agusta sukan dawo da tambaya guda: me za mu zuba a akwati, wane takalmi za mu sa? Malamin jami'a da zai je taro ya ƙara kwana uku don ganin gari, Hajiyar da za ta je bikin yaye ɗanta a Ingila ko Masar, iyalin da suka nufi Istanbul ko Dubai hutu, duk tambayarsu ɗaya. Kuskurensu ma yawanci ɗaya ne. Mu a Zariya adon zama muka saba: mota ko Keke Napep ta ɗauke ka a ƙofar gida, ta ajiye ka a ƙofar wurin biki, ka samu kujera. Yawon buɗe ido kuwa aikin ƙafa ne tun hantsi har bayan isha, mutum zai iya taka kilomita 10 ko 15 a yini bai ankara ba. Don haka daga ƙafa ake fara shirin, a hauro sama. A ba shi mako shida, don ba a fafe gora ranar tafiya.

1. San irin zafin garin da za ka

Idan aka ce lokacin zafi a waje, ba bazarar Zariya ta Maris da Afrilu ake nufi ba. Kowane gari da nasa. Nemi hasashen yanayin garin a waya, ka rubuta abu uku: zafin tsakar rana, sanyin dare, da yawan ruwan sama a watan.

Dubai, Doha, Makka da Madina kan kai digiri 40 zuwa sama. A Dubai da Doha iskar tana da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, amma da ka shiga kantuna ko jirgin ƙasa sai na'urar sanyi ta sa ka rawar ɗari. Alƙahira tana wajen digiri 35, zafinta busasshe. Istanbul, Roma da Atina suna tsakanin 29 da 35. Kuala Lumpur tana wajen 32, da ruwan sama mai sauka ba sallama, galibi da yamma.

Landan ce ke yawan yaudarar mutanenmu. A Yuli zafin ranarta bai cika wuce 23 ko 24 ba, da dare kuma ya sauka 13 ko 14, wato kusan sanyin asubar hunturu a Samaru. Duk da haka zafi kan taso na 'yan kwanaki: a Yulin 2022 Ingila ta haura digiri 40 karon farko, kuma yawancin gidaje da ƙananan otal a can ba su da na'urar sanyi. Rana ma ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe tara na dare a watan Yuni, don haka yawon ya fi tsawo, kayan da ka sa da safe su za su kai ka dare.

Gargaɗi: Afirka ta Kudu da Ostareliya hunturu suke ciki a waɗannan watanni. Wanda kuma jirginsa zai yada zango a Addis Ababa ya riƙe rigar sanyi a hannu, garin a kan tsauni yake, Yuli da Agusta damina ce mai sanyi. Idan Amurka ka nufa, ma'auninsu daban ne: 86 a can shi ne digiri 30 namu.

2. Duba dokar wuraren da za ka shiga

Jera wuraren da kake son gani, ka binciki dokar suturar kowanne kafin ka sayi ko da safa.

A manyan masallatan Istanbul, irin su Masallacin Sultan Ahmed da Aya Sofiya, ana cire takalmi a wurin sallah, mata su rufe kai. Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi ba ya karɓar kaya masu shara-shara ko masu matse jiki. Majami'ar Fadar Paparoma a Roma sai an rufe kafaɗa da gwiwa. A nan suturarmu ta gida ta riga ta ci jarrabawa. A Girka an hana takalmi mai tsini a wuraren tarihi irin Akropolis na birnin Atina tun 2009, don yana lalata duwatsun.

Gargaɗi ga masu niƙabi: Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, tararta na iya kaiwa Yuro 150. Beljiyam, Ostiriya da Denmak suna da irin wannan doka, Suwizalan ma ta fara aiki da tata a farkon 2025. Hijabin da ya bar fuska a buɗe babu wanda ya hana mai yawo sa shi a titi. Haka nan duk wani kaya mai zanen kakin soja, ko hula ce ko wandon yaro, a bar shi a gida. Ƙasashe da dama suna kama mutum a kansa, har da tamu.

3. Sayi takalmi kafin komai

Takalmi biyu ake buƙata, sai silifas na banɗaki. Na farko kambas mai igiya, shi ne zai yi aikin. Na biyu sandal mai maɗauri a dunduniya, don ranar zafi da kuma ranar da kambas ya jiƙe. Sau-ciki na fata mai sulɓin ƙasa, irin wanda ake sawa da shadda ranar Juma'a, ba na wannan tafiya ba ne. Titunan tsohon gari a Roma, Lisbon da Istanbul da ƙananan duwatsu aka jera su, sun goge sun yi santsi, da an yi yayyafi sai zamewa. Fade da silifas kuwa suna sa yatsu su yi ta damƙe takalmin don kada ya fice, kafin la'asar tafin ƙafa da sharaɓa sun ɗauki ciwo.

Je kasuwa da yamma, ko Sabon Gari ko shagunan Tudun Wada da PZ, bayan ka yini a tsaye. Ƙafa kan ɗan kumbura da yamma, kuma wannan girman ake so a auna. Tafi da safar da za ka yi tafiyar da ita. Sa ƙafa biyu duka, don da wuya su zama daidai, kuma babbar ake bi. Ɗaure igiya, miƙe tsaye, sannan ka duba waɗannan:

Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan babu, gangara za ta riƙa buga farce har ya yi baƙi.

Dunduniya kada ta riƙa ɗagowa in ka taka. Wannan gogar ce ke haifar da bororo.

Lanƙwasa takalmin da hannu. Ya lanƙwasu a daidai gindin yatsu kawai. Wanda ya naɗe biyu a tsakiya kamar tabarma ba zai tallafi ƙafa ba, wanda ya ƙi lanƙwasuwa sam zai gajiyar da ita.

Juya ƙasansa. Roba mai tsaga-tsaga ake nema. Sama kuma ya zama mai ƙananan huji da iska ke shiga. Ledar da aka yi wa kamar fata tana dafa ƙafa.

Zaro shimfiɗar ciki in tana zaruwa, ka taka ta a ƙasa. Idan ƙafarka ta fi ta faɗi, takalmin ya yi maka ƙunci komai tsawonsa. Wanda ya girma da fade da silifas yatsunsa a baje suke, takalman Turai da yawa kuwa tsukakku ne a gaba.

Kada ka yarda da "zai buɗe" na mai shago. Fata kan ɗan saki ta faɗi, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo.

Gargaɗi kan gwanjo: ana samun takalmi mai kyau a gwanjo, sau da yawa ya fi sabon jabu ƙarko. Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba ta nunawa a ido. Soson da ke tsakanin tafi da ƙasan wasu takalma yana ruɓewa in ya daɗe a ajiye, ga zafi ga laima, gam ɗin ma ya saki. Sai ka ga takalmi tsaf, kwana biyu da fara yawo ƙasan ya ɓare ko ya rududduge kamar busasshen burodi. Danna farce a gefen soson: in ya koma yadda yake, lafiya, in ya tsage, ya yi gari ko yana danƙo, ajiye shi. Haka za ka yi wa takalmin da ya shekara biyu a ƙarƙashin gado tun tafiyar da ta wuce. Wanda ya ci gwajin, kai wa shumeka ya zagaye ƙasan da ɗinki, kuɗi kaɗan ne.

Lambar da muke amfani da ita a nan ta Turai ce. In ta kama ka sayi takalmi a Ingila, 42 namu shi ne 8 nasu, 43 kuma 9.

Ga mata: takalmi mai tsini ko mai tudu ya tsaya ga ranar biki kaɗai, in akwai bikin. Shafaffen takalmin nan marar tudu ko kaɗan shi ma ba aboki ba ne, duk dutsen da kika taka sai kin ji shi. Kambas baƙi ko ruwan toka yana shiga da abaya ba tare da ya ja ido ba. Yara kuma a auna su mako uku kafin tafiya, ba wata uku ba.

4. Horar da takalmin, ka zaɓi safa

Sabon takalmi ba ya shiga jirgi. Mako uku yake buƙata. Makon farko sa shi awa ɗaya ko biyu a gida da zuwa masallaci. Mako na biyu yi tafiyar minti 30 zuwa 45 kullum, cikin harabar jami'a a Samaru ko duk inda kwalta take da kyau. Mako na uku yi doguwar tafiya ta awa biyu sau biyu, ɗaya a wuri mai hawa da gangara. Gindin dutsen Kufena ya isa ya tona asirin kowane takalmi. Tunda damina ce, taka jiƙaƙƙen tayil a hankali ka ga ko yana riƙewa.

Bayan kowace tafiya duba ƙafa. Inda ya yi ja, nan bororo zai fito a can. Canza ɗaurin igiya ko kaurin safa. In wurin bai daina ja ba bayan mako biyu, takalmin ba naka ba ne, gara asarar kuɗinsa a Zariya da ɗingishi a ƙasar mutane.

Safar auduga zalla tana shan gumi ta riƙe, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ke saurin saluɓewa. Nemi safar 'yan wasa mai gaurayen zare, mai ɗan kauri a dunduniya, wadda ta haura bakin takalmi. Ƙafa biyar sun isa.

Gargaɗi kan alwala: wannan yana cikin abubuwan da ke kawo wa mutanenmu bororo. A yi alwala, a zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a safa, a ci gaba da tafiya. Riƙe ƙaramin tawul a jaka, goge har tsakanin yatsu, sannan ka sa safa. Batun shafa a kan huffi ko safa ga matafiyi, malamai suna da bayani da saɓani a kai, ka tambayi malaminka tun kana gida. Mai faso ya fara shafa man kaɗe ko basilin da dare tun yanzu. Yanke farce kwana uku kafin tafiya, a miƙe, ba a ƙwaƙule gefe ba. Mai ciwon suga kuwa ya nuna wa likita ƙafarsa da takalmin, kuma ya riƙa duba tafin ƙafa kowane dare, don ciwo na iya fitowa bai ji ba.

5. Zaɓi yadi da hannu, ba da ido ba

Abin da ake nema yadi marar nauyi, mai shan gumi, mai bushewa cikin dare ɗaya, wanda ba ya buƙatar sitati. Auduga marar kauri da boyel su ne kan gaba. Lilin ya fi kowa sanyi amma yana yamutsewa tun kafin ka fita otal. Wanda aka gauraya da auduga ya fi sauƙin sha'ani.

Shadda tana da kyau, ba a musu. Sai dai kyanta a sitati da bugu yake, kuma babu mabuga a Istanbul. Wanki ɗaya a banɗakin otal ya kashe ƙyallin, ga nauyi a akwati. Leshi mai duwatsu yana da nauyi, yana kartar fata in an yi gumi. Yadin roba mai arha da ya cika kasuwa yana hana iska shiga, yana riƙe wari, yana kawo ƙurajen zafi.

Gwaji uku a gaban mai shago, ko a Sabon Gari ko a Kantin Kwari in ka leƙa Kano. Ɗaga yadin a rana: in kana ganin yatsunka sarai ta ciki, zai nuna jiki. Damƙe shi a tafin hannu ka ƙirga goma, ka saki ka ga yadda ya yamutse. Sannan nemi ɗan ƙyalle ka kai gida ka kusanta shi da ashana: auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ko ɗigon ruwa ma yana faɗa maka, auduga na shanye shi nan take.

Launi: fari tas yana da sanyi amma kujerar jirgin ƙasa ɗaya ta isa ta ɓata shi. Ruwan toka mai haske yana nuna gumi a hammata. Ruwan ƙasa, ruwan madara, shuɗi mai duhu da masu ƙananan zane sun fi rufa asiri. Tsaya kan launi biyu ko uku da ke shiga da juna, yadda kowace riga za ta hau kowane wando.

Gargaɗi: wanke yadin auduga kafin a kai wa tela, yana tsukewa a wankin farko. Sabuwar atamfa ma a wanke ta ita kaɗai a ga ko tana zuba, kada ta rine farar singileti a can.

6. Abin da za ka gaya wa tela

Kai ɗinki mako biyar kafin tafiya, ka ba shi ranar karɓa da ta riga ta gaskiya da kwana goma. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa dab da wannan lokaci, kuma kowa ya san alkawarin tela a makon Sallah.

Maza: yadi huɗu na yin kaftani da wando ga matsakaicin mutum. A tsaya da tsawon rigar a gwiwa ko sama kaɗan, tsagar gefe ta haura don hawa bene. Aikin wuya ya zama kaɗan, zare mai yawa yana ƙaiƙayi da gumi. Ƙafar wando ta tsaya a idon sawu. Wando mai zariya ko roba a ƙugu ya fi mai bel, don a wajen binciken filin jirgi ba sai ka kwance komai ba. Mutumin Zariya dai bai kamata a koya masa amfanin zariya ba. Babbar riga tana cin yadi takwas zuwa goma, kuma tana kama hannun ƙofa da jakunkunan mutane a cunkoso. In akwai taron da ya cancance ta, guda ɗaya, ta zauna a akwati sai ranar.

Aljihun kaftani na gefe a buɗe yake, ga ɓarayin aljihu a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Paris, Roma da Barcelona sun ƙware. Sa tela ya yi aljihun ciki mai zif, a wando ta gaba ko a cikin ƙirjin riga. Fasfo santimita 12.5 ne a tsaye, kusan 9 a faɗi, don haka aljihun ya zama 15 da 11. Kai masa fasfon ya gwada a gabanka.

Mata: doguwar riga ko abaya ta tsaya santimita uku ko huɗu sama da ƙasa, kuma ki auna da takalmin da za ki yi yawon, ba da mai tudu ba. Matakalar lantarki tana cafke gefen rigar da ke jan ƙasa, kuma irin wannan matakala tana ko'ina, filin jirgi, tasha, kanti. Siket mai matse gwiwa ba ya hawa bene ko motar yawo. Zani kan kwance a doguwar tafiya. In ba ki iya rabuwa da shi, a sa masa igiya. Ki sa siririn wandon auduga a ciki, yana hana gogar cinya, yana kuma rufa asiri ranar iska. Hannun riga ya zama mai naɗuwa zuwa gwiwar hannu saboda alwala. Baƙar abayar roba a ranar Dubai azaba ce, nemi mai sauƙi mai launi.

Dogon hijabi har ƙasa yana da zafi, kuma yana rufe jakar da ya kamata ki riƙa gani. Matsakaici mai kaiwa ƙugu, na yadi mai shan iska, ya fi. Gyalen da aka yafa kawai ba ya jure iskar jirgin ruwan Bosforus, mashigin tekun da ya ratsa Istanbul, sai da hular ciki da abin maƙalewa. Rage fil da ƙarafa ranar tafiya. In na'urar bincike ta yi ƙara, kina da damar neman mace ta duba ki a keɓe.

7. Kayan sanyi, ruwa da rana

Suwaita marar nauyi mai zif guda ɗaya dole ce, ko Dubai za ka. Cikin jirgi akwai sanyi, haka kantuna. Ga Ingila da arewacin Turai ƙara siririyar rigar ruwa mai hula wadda ke naɗewa ta shiga jaka. Katuwar rigar sanyin hunturu ba ta da aiki, siraran kaya biyu da za ka iya cire ɗaya sun fi ta.

Ƙube da zanna ba sa tare rana, gumi kuma yana ɓata su, wankinsu sai an dawo wajen masu wankin hula. Ɗauki ɗaya don hoto da Juma'a, ka cusa safa a cikinta kada ta lotse, sai hana-salla ko mai faɗin baki don yawo. Ƙaramar lema mai naɗewa tana aiki biyu, ruwa da rana. Sai tabarau, da man kare fata daga rana mai lamba 30 zuwa sama. Baƙar fata ma tana ƙonewa, masu shafa man bilicin kuwa sun fi kowa shiga haɗari.

8. Ƙidaya da kuɗi

Don tafiyar kwana bakwai zuwa goma: riga biyar, wando ko siket uku, kayan ciki biyar, safa biyar, hijabi ko gyale uku, kayan barci ɗaya, kayan ado na taro ɗaya, suwaita, rigar ruwa, takalmi biyu da silifas, da siririyar sallaya ta tafiya. Kwana ashirin ma wannan ne, wanki ne zai ƙaru.

Farashi a kasuwa yana motsi da canjin dala, don haka raba kuɗin da ka ware kashi-kashi: kusan rabi ga takalmi da safa, kashi ɗaya cikin uku ga yadi da ɗinki, saura ga ƙananan kaya. Mutane sukan juya lissafin, su zuba kuɗi a shadda su sayi takalmin da ya rage. Yawancin rigunan ma suna cikin durowarka, tsofaffin da jiki ya saba da su sun fi sababbi daɗi.

Ɗinki da yadi sun fi sauƙi a gida. Rigar ruwa da safar wasanni masu kyau sun fi samuwa a can, a shaguna irin Decathlon, Primark a Ingila ko LC Waikiki a Turkiyya, kuma a Faransa ana rangwamen kaya daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Bar fili a akwati don wannan da tsaraba.

Gargaɗi: wankin otal da ɗai-ɗai ake lissafa shi, kuɗin wanke riga uku na iya sayen sabuwa. Tafi da garin sabulu kaɗan a leda. Wanke da dare, shimfiɗa rigar a kan tawul, naɗe su tare ka taka, sannan ka rataye. Kafin safe siririyar auduga ta bushe.

9. Gwaji da shirya akwati

Mako ɗaya kafin tafiya, sa cikakken kayan yawon, har jaka da safa, ka yini da su a gari. Zauna, durƙusa, yi sallah, hau bene. Maɓallin da zai tsinke ya tsinke a nan.

Komai ya bushe ƙarau kafin ya shiga akwati. Kayan damina masu ɗan danshi suna fumfuna cikin kwana biyu, takalmin fata ya fi saurin kamuwa. Takalmi a ƙasa wajen tayoyi, cikin leda, a cusa masa safa. Kayan yawo a nannaɗe su kamar tabarma, kayan ado a ninke a ɗora a sama.

Duba tikitinka: yawancin jirage kilo 23 suke ba kowane akwati, jakar hannu kilo 7 ko 8. Ƙananan jiragen cikin Turai masu arha irin Ryanair 'yar jakar ƙarƙashin kujera kaɗai suke bari kyauta. Auna a gida, kada ka zo kana buɗe akwati a gaban jama'a a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja. Turare da humra in sun wuce mililita 100 su shiga babban akwati, a naɗe a leda biyu, don kwalba ɗaya in ta fashe ta gama da kayan duka. Wanda zai ɗauki ƙaramin dutsen guga ya sani filoginmu mai baki uku yana shiga a Ingila, Dubai da Malesiya, amma Turkiyya da yawancin Turai mai baki biyu zagayayye ne, wutar Amurka kuma volt 120 ce, ba ta kai ƙarfin tamu ba, ba za ta zafafa shi sosai ba.

A jakar hannu sa kayan canji cikakku guda ɗaya. Akwati kan yi lattin kwana ɗaya ko biyu, musamman in an canza jirgi a hanya.

10. Ranar tafiya da kwanakin yawo

Sa mafi nauyin kayanka a jiki: kambas da suwaita. Tafiyar awa shida ko bakwai a zaune tana kumbura ƙafa, don haka sassauta igiya da jirgi ya tashi, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa. In ka cire takalmin gaba ɗaya, zai yi wuyar komawa lokacin sauka.

Kowace safiya, kafin safa, shafa basilin ko ka manna filasta a wuraren da suka yi ja lokacin horarwa. A jakar yawo: safa ɗaya ta canji, tawul, filasta, ledar zuba takalmi a masallaci, lema da gorar ruwa. Canza safa bayan azahar. Da ka ji wani wuri ya fara zafi a ƙafa, tsaya nan take ka rufe shi, kada ka ce sai an kai gaba. Lokaci kaɗan ne tsakanin ja da bororo.

In bororon ya riga ya fito kuma ƙarami ne, kada ka fasa, rufe shi da filasta ka koma sandal. In ya fashe da kansa, wanke da ruwa da sabulu, bar fatar a wurin, ka rufe. Ja mai yaɗuwa, zafi ko mugunya na nufin a nemi kantin magani ko likita a ranar. Da dare zaro shimfiɗar kambas, cusa masa takarda ya sha danshi, ajiye shi inda iska ke wucewa, gobe ka fita da ɗayan.